Zuwa Ga Masu Otal-Otal: Ku Bar Tukwicin Mai Gyaran Ɗaki Ya Isa Hannunta

Ranku ya daɗe iyayen gidana, masu otal-otal da manajojinsu na Abuja, Kaduna, Kano da sauran garuruwanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi, ya kawo baƙi masu albarka.

Wadda ta rubuto muku takardar nan ta ci abinci a ƙarƙashinku, ko da yake da wuya a samu wanda zai tuna fuskarta a cikinku. Shekara 11 na yi a aikin otal, bakwai ina gyaran ɗaki, huɗu ina sufabaiza a kan masu gyaran, a otal biyu a Abuja da ɗaya a Kaduna. Da wannan aiki na riƙe marayu uku bayan rasuwar mahaifinsu, na biya haya, na biya kuɗin makaranta, kuma har gobe ina gode wa Allah, ina gode wa waɗanda suka ɗauke ni. Ciwon baya ne ya zaunar da ni a gida. Yanzu da babu fargabar a sallame ni, zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, domin waɗanda har yau suke tura turoli a benayenku ba su da bakin faɗa.

Maganar tukwici ce. Na sha jin manaja yana cewa bai wa ma'aikaci kyauta bayan an biya kuɗin ɗaki ɗabi'ar Turawa ce, mu ba mu gaje ta ba. Wannan magana ba ta da tushe. Wace uwa ce a ƙasar Hausa za a aiko mata yaro da kwanon abincin sallah ta mayar da shi hannu rabbana? Mai kawo albishir yana da goronsa. Masu kawo lefe ba sa tashi sai an ba su nasu. Mu ne muka ce yaba kyauta tukwici, kuma kowa ya tashi ya san ƙa'idarsa: na wanda ya sha ɗawainiya ne, wanda ya ɗauko kayan ya tako da ƙafarsa. Ku je Harami a Makka ku ga yadda alhazanmu ke damƙa wa masu shara riyal suna neman lada. Mutanenmu ba marowata ba ne. Abin da ke faruwa a otal shi ne, ko dai baƙo bai tuna da mai gyara masa ɗaki ba, ko kuwa ya tuna ya bayar, kyautar ta ɓace a hanya. Gyaran duka biyun yana hannunku.

Ku duba yadda aka tsara aikin. Maigadi ya buɗe ƙofa ya sara wa baƙo, a miƙa masa ɗari biyar. Mai ɗaukar jaka ya raka shi har ɗaki, ya kunna masa esi da talabijin, ya samu nasa. Yaron da ya kawo abinci a bar masa canji. Ba na yi musu baƙin ciki, su ma halalinsu suke nema. Amma mu, darasin farko da ake koya mana ranar kama aiki shi ne kada baƙo ya gan mu. A bi matattakalar baya, a jira ya fita, a ƙwanƙwasa sau uku, a gama a ja ƙofa kafin ya dawo. Gwanintar mai gyaran ɗaki ita ce a shigo a tarar da komai tsaf, kamar ba a taɓa kwana a wurin ba. To wanda aka horar don kada a gan shi, yaya za a yi a tuna da shi?

Bari in gaya muku abin da ke cikin ɗaki ɗaya, don da yawanku a takarda kuke ganin lissafinsa, ba ku taɓa tsayawa an yi a gabanku ba. A yaye zanin gado da rigunan filo, a ɗaga katifar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, a cusa sabon zani ta kusurwa huɗu, a ja shi har ya miƙe sumul. A durƙusa a wanke masai, a goge baho da tayil, a sa yatsa a zaro gashin da ya toshe magudana, a share madubi. A kwashe shara, a goge ƙasa, a jera tawul da sabulu. A wuraren da na yi aiki ɗaki 12 zuwa 16 ne rabon mutum ɗaya a yini, ranar da aka watse daga taro ko biki kuwa ya zarce haka, kuma ana son a gama mafi yawansu tsakanin sha biyun rana da baƙi ke barin ɗaki da ƙarfe biyu da sababbi ke isowa. Ruwan bilic ya cinye mana tafin hannu, don safar hannu sai an yi ta roƙo a sito. Akwai abubuwan da muke tararwa a ɗaki waɗanda tarbiyya ba za ta bar ni in rubuta ba. Mu kwashe, mu rufa wa mai su asiri, in mun haɗu da shi a baranda mu rusuna mu gaishe shi. A watan azumi ma haka ake yi, babu ragin ɗaki ko ɗaya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Baƙo mai kirki ya tashi tafiya, ya ajiye naira dubu biyu a kan durowar gefen gado. Shi a ransa ya yi alheri. Mai gyaran ɗaki kuwa tana shigowa ta gani, gabanta ne zai faɗi. Dokar kowane otal da na sani ita ce duk abin da aka tsinta a ɗaki mantuwa ce, a kai ofis a rubuta a littafi. In ta sa a aljihu, mai shi ya bugo waya ya ce ya manta kuɗi, sunanta ɓarauniya. In ta kai ofis, an rubuta an sa a durowa, ita da kuɗin sai dai a lahira.

Ba zan manta da wata yarinya da muka yi aiki tare ba. Ba ta wuce shekara 22 ba, tana tara kuɗin shiga makarantar koyon jinya. Wani dattijo ya yi mako guda a hawan da take gyarawa, kullum sai ya yaba da tsabtar ɗakinsa. Ranar tafiyarsa ya bar dubu biyar a ƙarƙashin kofin shayi. Ta ɗauka, don duk alamu sun nuna nata ne. Da yamma aka caje jakunkuna a ƙofar fita kamar yadda aka saba, aka ga kuɗin, aka tambaye ta, ta faɗi gaskiya. Babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi dattijon, alhali lambarsa na cikin rajista. Aka karɓe kuɗin, aka karɓe yunifom, aka ce kada ta dawo, albashin kwanakin da ta yi a watan ma ya bi ruwa. Bayan wata biyu mutumin ya sake sauka a otal ɗin. Ya tare ni a baranda ya ce, "'Yata, ina yarinyar nan mai ƙoƙari? Ta ga ɗan abin da na bar mata kuwa?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa. Na shiga ɗakin ajiye zannuwa na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Alherin bawan Allah ne ya raba yarinya da abincinta, don kawai babu wata hanya da aka tanada da zai ce wannan kyauta ce.

Akwai wani kuma da ya fi wannan yawa. Baƙo na sauka ƙasa ya ce zai tafi, sai a bugo daga risefshan a ce a duba ɗaki, ko tawul ya cika, ko an sha abin cikin firij. Wanda ke fara shiga ba mai gyaran ba ce, sufabaiza ne ko mai ɗaukar jaka. In akwai wani abu a kan filo, kafin ta iso ya yi ɓatan dabo. Na yi sufabaiza, na san masu yi, kuma akwai lokutan da na gani na yi shiru don tsoron rigima da waɗanda suka fi ni fada a wurin manaja. Wannan shirun yana cina har yau, yana cikin abin da ya sa na ɗauki biro.

Za ku ce to baƙo ya ba ta hannu da hannu mana. Ranku ya daɗe, kun san ƙasar da muke ciki. Mace mai aikin otal a Arewa da zargi take yawo a ka tun kafin ta yi laifi. Na san waɗanda ke ce wa maƙwabta a asibiti ko makaranta suke shara, sai sun iso su cire hijabi su sa yunifom. A ga namiji yana miƙa mata kuɗi a bakin ƙofar ɗakin kwana, kafin la'asar magana ta zaga otal. Kuma ba ƙarya ba ne, akwai baƙin da kyautarsu tarko ce. Mutumin kirki ma yakan fasa bayarwa don gudun a yi masa mummunar fassara. Ga shi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane da yawa sun daina yawo da tsabar kuɗi. Baƙo zai ce kawo lambar asusunki in tura miki. A OPay da PalmPay, waɗanda yawancin ƙananan ma'aikata ke amfani da su, lambar asusu ita ce lambar wayar mutum. Ke nan ta bai wa namijin da ba ta sani ba lambarta da cikakken sunanta. Masu kamun kai sukan ce a'a, na gode, su rasa. In kuwa ya tsaya a risefshan ya ce a ƙara dubu uku a POS a bai wa mai gyara masa ɗaki, asusun otal kuɗin suka shiga. A otal ɗaya kaɗai cikin ukun na taɓa ganin sun fito sun iso hannun mai su.

Maganin wannan duka bai kai kuɗin robar ruwan da kuke ajiye wa baƙo kyauta ba. Ambulan ne. A ajiye shi a gefen gado, a rubuta da Hausa da Turanci cewa wance ce ta gyara maka ɗakin nan, in ka ga dama ka bar mata wani abu a ciki, ba dole ba ne. Abin da ke cikin ambulan kyauta ne, abin da ke wajensa mantuwa ce, gardama ta ƙare. A kafa doka cewa babu mai taɓa shi sai wadda sunanta ke jiki, wanda aka kama ya taɓa a hukunta shi kamar wanda ya saci kayan otal. A kuma sanar da baƙon da zai yi kwanaki cewa ya fi kyau ya bayar kullum ko da kaɗan ne, saboda duti na juyawa, wadda ta yi masa hidimar kwana huɗu tana iya zama tana hutu ranar da zai tafi. Masu biya ta POS kuwa, a buɗe musu littafi a risefshan: lambar ɗaki, adadi, sunan mai gyara, ta sa hannu ranar da ta karɓa.

Ba ni na ƙago wannan ba. A 2014 kamfanin otal-otal na Marriott ya zuba irin wannan ambulan a ɗakuna kusan 160,000 a Amurka da Kanada, da sunan mai gyaran a jikin kowanne, kuma ƙungiyar masu otal ta Amurka takan ba da shawarar dala 1 zuwa 5 a kowane dare. Sai dai zan gaya muku ɗaya ɓangaren labarin don kada in rage gaskiya. Mutane da yawa a can sun soki kamfanin, suka ce maimakon ya ƙara wa ma'aikata albashi ya tura su bara wurin baƙi. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ta kawo ni kan maganar da ta fi ambulan nauyi.

Ku ɗauko rasit ɗin da kuke bai wa baƙo. Bayan kuɗin ɗaki akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda aka ɗaga daga kashi 5 a 2020, wannan na gwamnati ne. A ƙarƙashinsa otal da yawa suna ƙara kashi 10 cikin ɗari da sunan sabis caj, wato kuɗin hidima. Duk baƙon da ya gan shi yana ɗauka na ma'aikata ne. Na sha jin mutum yana ce wa abokin tafiyarsa, "Bar shi, ai an riga an cire nasu a rasit." Wato da sunanmu ake karɓa, kuma saboda shi ne wasu ke mayar da hannu aljihu. To mu yi lissafi. A ce ɗaki naira 60,000 ne a dare, kashi 10 ɗinsa 6,000 ke nan. Mai gyara ɗaki 14, a yini ɗaya an karɓi 84,000 a kan ɗakunanta. Na sani ba nata ba ne ita kaɗai, akwai na kicin, akwai masu wanki, akwai masu gadi da masu gyaran wuta, kowa da haƙƙinsa. Amma a raba yadda duk za a raba, bai kamata a ce wata ya ƙare ba ta ga ko sisi ba, ko kuwa a jefa mata dubu uku ba tare da ta san nawa aka tara ba, kashi nawa aka yi, wa ya ɗauki babba. A wani wuri da na yi aiki, da wannan kuɗi ake mayar da kofunan da suka fashe da tawul ɗin da baƙi suka tafi da su, abin da ya rage a raba bisa girman muƙami, manaja a sama, mai wanke masai a ƙarshen layi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Birtaniya wannan ta'ada ce ta sa aka yi doka a 2023, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024. Ta wajabta wa mai otal ko gidan abinci ya miƙa wa ma'aikata tukwici da kuɗin hidima gaba ɗaya ba tare da ya yanki komai ba, ya rubuta tsarin rabon, ya adana lissafi na shekara uku, kuma ma'aikaci yana da ikon neman a nuna masa. Har waɗanda aka ɗauko ta hannun kamfanin kwangila dokar ta haɗa da su. Ku ba sai kun jira majalisa ta tilasta muku ba. Ku liƙa takarda a ɗakin cin abincin ma'aikata kowane ƙarshen wata: ga abin da aka tara, ga yadda aka raba. In kuwa kun san kuɗin na gudanar da otal ne, to ku cire masa sunan hidima ku zuba shi cikin kuɗin ɗaki, baƙo ya san bai ba mu komai ba tukuna.

Kada kuma a ce tunda ga ambulan, albashi ya tsaya inda yake. Na ji da kunnena ana ce wa mai neman aiki, "Albashin ba yawa, amma za ki riƙa samu wurin baƙi." Ba a biyan haya da wataƙila. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, bayan 30,000 ɗin da aka sa a 2019. Na san dokar ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, na kuma san yadda ake kewaye ta, a ɗauko masu shara ta hannun ɗan kwangila a kira su 'yan wucin gadi, mutum ya shekara biyar bai taɓa riƙe takardar ɗaukar aiki ba, alhali sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Sashe na 5 kuma ya hana yankar albashi da sunan tara, in ma asara ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Amma tawul nawa aka cire mana a albashi waɗanda a jakar baƙo suka fita? A manyan otal ɗin da ƙungiyar ma'aikatan otal ta ƙasa, NUHPSW, ke da reshe, ma'aikaci yana da inda zai kai kuka. A ƙanana da matsakaita, inda mafi yawanmu suke, daga Allah sai ku.

Ban jahilci halin da kuke ciki ba. Na ga yadda janareta ke shan dizal dare da rana, na ga fuskar akanta a Afrilun 2024 da aka mayar da kuɗin wutar lantarki ta rukunin A, wato Band A, naira 225 kowane yunit, ga masu karɓar haraji kala-kala suna sintiri a ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai cire tallafin man fetur na Mayun 2023 da ya taɓa ku, mai gyaran ɗaki ma ya taɓa ta. Mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya ko Suleja zuwa tsakiyar Abuja, ko daga Rigasa zuwa cikin Kaduna, kuɗin mota kaɗai na iya cinye rabin abin da take ɗauka. Kuma abin da nake roƙo a kan tukwici ba daga aljihunku zai fito ba. Kuɗin baƙo ne, shi ya ga dama ya bayar, ku dai ku buɗe masa hanya ya wuce.

Mafi yawanku masu sallah ne, wasunku masu zuwa coci ne, kowa ya san matsayin haƙƙin ɗan ƙwadago. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a bai wa ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ni kuwa labarin da ya fi riƙe ni a shekarun nan shi ne na baiwar Allahn nan da ke share masallacinsa a Madina. Ta rasu, aka binne ta ba a sanar da shi ba, don an ɗauki lamarinta ƙarami. Da bai gan ta ba sai ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata sallah. Ya lura da rashin mai shara. Duk ranar da na ji kamar ni da tsintsiya ɗaya muke a idon mutane, wannan nake tunawa in samu ƙarfin shiga ɗaki na gaba.

Ranka ya daɗe manaja, gobe da safe kafin a raba makullai, ka sauka ɗakin da masu gyara ke taruwa. Ka ce wa sufabaiza ta jira a waje, ka tambaye su yaushe rabon da wani abu daga baƙo ya iso hannunsu, da kuma nawa suka gani na kuɗin hidima a watan jiya. Da farko za su yi shiru suna kallon ƙasa, don ba a saba tambayarsu ba. Ka ɗan jira, za su faɗa.

Wassalam. Taku mai biyayya,
tsohuwar mai gyaran ɗaki, daga Kaduna.